Rohit Paudel: Yaron Da Ya Koyi Kurket A Bakin Daga

Ran Alhamis, 16 ga watan Maris na shekarar 2023, filin wasa na Jami'ar Tribhuvan da ke Kirtipur, a gefen Katmandu babban birnin ƙasar Nepal, ya cika ya batse. Waɗanda ba su sami shiga ba suka ɗare kan itatuwan da ke kewaye da filin, kowa ya riƙe reshensa yana leƙe. Abin da ya tara wannan jama'a shi ne wasan kurket tsakanin Nepal da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Baƙin suka fara duka, suka tara maki 310, adadin da ba kasafai a kan kamo shi ba. 'Yan gida suka bi sawu har suka kai 269, sai duhu ya kawo jiki, filin kuwa a wancan lokaci ba shi da fitilu. Alƙalai suka tsayar da wasa, aka buga lissafin da doka ta tanada domin irin wannan hali, aka ga Nepal ce a gaba da maki 9.

Kyaftin ɗin da ya jagoranci Nepal a wannan rana, Rohit Paudel, shekarunsa 20 ne kacal, kuma watanni huɗu ke nan da naɗa shi. Amma fa ba baƙo ba ne a fagen, domin tun yana ɗan shekara 15 yake yi wa ƙasarsa wasa tare da manya.

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata a ɗan yi bayanin wasan ga mai karatun da bai saba da shi ba. Kowane ɓangare na da mutum 11. Ɓangare ɗaya yana jifan ƙwallo, ɗayan yana dukanta da faffaɗan katako domin ya kare turaku uku da aka kafa bayansa, ya kuma tara maki. In aka fitar da masu duka 10, ko kuwa adadin jifan da aka yanka ya ƙare, sai a juya. Jifa shida ke yin zubi ɗaya. Wasan iri uku ne: akwai na kwana biyar, akwai na yini ɗaya mai zubi 50 ga kowane ɓangare, akwai kuma gajeren nan mai zubi 20 da a ke kira T20. Hukumar Kurket ta Duniya, watau ICC, tana da cikakkun wakilai 12, irin su Indiya da Ingila da Ostareliya, kuma su kaɗai ke buga na kwana biyar. Sauran ƙasashe, har da Nijeriya da Nepal, wakilai ne na mataki na biyu. A cikinsu kaɗan ne a ke ba matsayin buga wasan yini ɗaya da za a rubuta a kundin duniya, matsayin kuwa ba na dindindin ba ne. Wanda ya same shi ya sami ƙarin kuɗi daga hukumar da jerin wasanni na shekaru. Wanda ya rasa shi ya koma baya, 'yan wasansa su shiga neman abin yi. A kan wannan matsayi ne rayuwar Paudel ta wasa ta yi ta juyawa.

Asali

An haifi Rohit Kumar Paudel ran 2 ga watan Satumba, 2002, ɗan Nawalparasi ne da ke kudancin Nepal, kusa da iyakar Indiya. Mutane sun fi sanin Nepal da manyan duwatsun Himalaya, amma kudancinta shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta noma, kuma daga nan ne da yawa daga cikin 'yan kurket ɗin ƙasar suka fito, domin abin da a ke yi a ƙetaren iyaka shi yara ke kwaikwayo. Ingila ba ta taɓa mulkin Nepal ba, saboda haka wasan bai shigo ta hannun joji ko malamin makaranta Bature ba, kamar yadda ya shiga ƙasashe da dama. 'Ya'yan gidan sarautar Rana da suka yi karatu a waje su suka kawo shi, ya daɗe kuwa yana wasan masu hali. An kafa ƙungiyar kurket ta ƙasar a 1946, amma sai a 1996 ta zama wakiliya ta mataki na biyu a ICC.

Paudel yana ɗan shekara 11 lokacin da Nepal ta fara zuwa gasar duniya ta T20, a Bangaladesh cikin 2014, a ƙarƙashin Paras Khadka. Ta ci Hong Kong, ta ci Afganistan, ta dawo gida aka tarye ta kamar ta ɗauko kofi. Yaran da suka ga wannan a talabijin su ne suka cika tawagar ƙasar bayan 'yan shekaru.

Sai dai kuma gidan da za su shiga a rushe yake. A watan Afrilu na 2016 ICC ta dakatar da ƙungiyar kurket ta Nepal saboda gwamnati ta tsoma hannu cikin sha'aninta da rigimar zaɓen shugabanni, ba a kuma maido ta ba sai a watan Oktoba na 2019. An bar 'yan wasa su ci gaba da shiga gasa, amma shekaru uku da rabi babu uwar ƙungiya mai cikakken iko, gasannin cikin gida kuwa sai abin da hali ya yi. Daidai wannan lokaci ne Paudel ke tasowa. A Indiya ko Ingila, yaro mai irin baiwarsa zai yi shekaru yana wasan jiha ko na gunduma, ya yi kuskurensa inda ba mai gani, kafin a kira shi tawagar ƙasa. Shi bai sami wannan gata ba. Abin da ya kamata ya koya a ɗakin karatu, a zauren jarrabawa ya koye shi.

Ta hanyar tawagar 'yan ƙasa da shekara 19 ya fito, wadda ita ce ɓangaren da Nepal ta daɗe tana taɓuka abin kirki. A watan Nuwamba na 2017, a gasar matasan Asiya da aka yi a Malesiya, tawagar da yake ciki ta ci Indiya da maki 19, alhali kuwa mai horar da matasan Indiya a lokacin shi ne shahararren ɗan wasan nan Rahul Dravid. Gwarzon ranar shi ne Dipendra Singh Airee, wanda ya ci maki 88. Bayan wata uku sai ga Paudel cikin jirgi tare da manya, an nufi Namibiya.

Namibiya da Holan

Gasar da aka yi a Windhoek cikin watan Fabrairu na 2018 ƙasashe shida ne suka shiga, biyu kaɗai za su wuce. Nepal ta wuce, amma da kyar da jiɓin goshi, domin kusan kowane wasa sai da aka kai ƙarshen zubi zuciyar masu kallo na dukan uku-uku. A karawa da Kenya, manyan masu duka sun zube da wuri, sai yaron nan ɗan shekara 15 ya tsaya tare da Aarif Sheikh, ya ci maki 47, Nepal ta yi nasara a jifa na ƙarshe. Wasan da aka fi tunawa shi ne na Kanada, inda aka fitar wa Nepal mutum tara da sauran maki fiye da 50 a gabanta, Karan KC da Sandeep Lamichhane suka cike su. Amma ba don abin da aka yi wa Kenya ba, da na Kanada bai yi amfani ba.

Wata guda bayan haka, a Zimbabuwe, ran 15 ga Maris, Nepal ta ci Papua New Guinea, ta sami matsayin wasan yini ɗaya karo na farko a tarihinta. Ta buɗe sabon shafin da ziyarar Holan a watan Agusta. Aka ci ta a wasan farko. A na biyu, ran 3 ga wata a garin Amstelveen, aka sa Paudel, yana da shekara 15 da kwana 335, Nepal kuwa ta ci da maki ɗaya tak. Wannan ita ce nasararta ta farko a irin wannan wasa.

Sunansa ya fita duniya ne ran 26 ga Janairu, 2019, a Dubai, inda ya ci wa Nepal maki 55 daga jifa 58 a karawa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Shekarunsa 16 da kwana 146. Kafin ranar, a tsakanin maza, babu wanda ya taɓa cin maki 50 a wasan ƙasa da ƙasa da ƙarancin shekaru kamar Sachin Tendulkar na Indiya, wanda ya yi haka a Pakistan cikin 1989. A ƙasashen kudancin Asiya, a ce yaro ya shafe wani abu da Tendulkar ya kafa ba ƙaramin zance ba ne, jaridu kuwa suka yi ta yayatawa.

Gaskiyar magana, irin wannan bajinta ta ƙuruciya rabinta baiwa ce, rabinta kuwa halin da ƙasa ke ciki ne. Ƙasar da ke da tarin gwanaye ba ta sa ɗan shekara 15 a tawagarta. Wadda ba ta da su ita ke yi. Shaida kuwa ba ta yi nisa ba, domin a watan Fabrairu na 2020 wani ɗan Nepal ɗin, Kushal Malla, ya ci maki 50 a karawa da Amurka yana da shekara 15 da kwana 340. Kambin Paudel bai wuce shekara guda da 'yan kwanaki a kansa ba. Da a nan labarinsa ya tsaya, da yanzu sai masu haddace alƙaluma ke tuna shi.

Nauyin kyaftin

Abin da ya bambanta shi ya bayyana ne sannu a hankali. Shi mai duka ne na tsakiyar jeri, wanda a kan turo in an yi asarar mutum biyu ko uku, aikinsa shi ne ya tsayar da zubewar ya kuma ja wasa zuwa ƙarshe. Ba ya cikin masu cilla ƙwallo bayan fili a kowane jifa, har wasu masu sharhi sun sha kukan cewa yana da nawa a gajeren wasa. A watan Maris na 2022 ya ci ɗarinsa na farko, maki 126 a karawa da Papua New Guinea a Kirtipur, duk da haka aka ci Nepal da 'yar tazara. Wannan wasa ya nuna halin da tawagar ke ciki a lokacin: akwai gwanaye ɗaiɗai, babu nasara.

Shugabancin tawagar ma ya yi ta sauya hannu. Khadka ya sauka a 2019, Gyanendra Malla ya karɓa, aka sauke shi a ƙarshen 2021 aka ba Lamichhane, wanda shi ne ɗan kurket ɗin Nepal da aka fi sani a waje. A watan Satumba na 2022 kotu ta ba da sammacin kama Lamichhane bisa zargin fyaɗe, ƙungiyar ta dakatar da shi. Daga baya, a watan Janairu na 2024, kotun gunduma ta yanke masa ɗaurin shekara takwas, sa'an nan Babbar Kotun Patan ta wanke shi a watan Mayu na wannan shekara. Amma a ƙarshen 2022 ba wanda ya san inda shari'ar za ta ƙare. Cikin wannan ruɗani ne, a watan Nuwamba, aka ɗora wa Paudel kyaftin.

Gadon da ya tarar ba abin sha'awa ba ne. Nepal na cikin wata doguwar gasa ta ƙasashe bakwai, kowace za ta buga wasa 36. Uku na sama za su wuce kai tsaye zuwa gasar neman shiga kofin duniya, biyar na sama za su riƙe matsayinsu na yini ɗaya, biyun ƙasa kuwa sai sun sake fafutukar kare shi. A farkon watan Fabrairu na 2023 Nepal ita ce ta shida, saura wasa 12. Domin ta kai ta uku, sai ta ci kusan dukkansu. Ko magoya bayanta ba su sa rai ba. Fatansu dai kada matsayin da aka sha wuya a Namibiya da Zimbabuwe ya suɓuce.

Aka ɗauko sabon mai horarwa, Monty Desai daga Indiya. Aka kuma maido Lamichhane, wanda kotu ta ba da belinsa, matakin da ya jawo zanga-zanga a Katmandu, har 'yan wasan Sikotlan suka ƙi yin musabaha da shi bayan wasa. Ba Paudel ya yanke wannan shawara ba, amma shi ke fita gaban 'yan jarida, shi ke jan tawagar zuwa fili. Nepal ta ci wasa huɗu a jere a Kirtipur a kan Namibiya da Sikotlan. A na ƙarshensu, an fitar mata mutum takwas tana bin maki 212 na Sikotlan, kyaftin ya tsaya ya ci 95 ba a fitar da shi ba, ya kai ta gaci. In za a zaɓi wasa ɗaya da ya nuna ko wane ne Paudel, wannan ne, ba na Dubai da ya ba shi suna ba. Suka je Dubai suka ci uku suka faɗi ɗaya, suka dawo gida suka ci huɗu, na cikon shi ne wanda duhu ya tsayar ran 16 ga Maris. Wasa 11 cikin 12. Nepal ta ƙare ta uku, ta sha gaban Namibiya da maki ɗaya a tebur.

Domin a gane dalilin da ya sa mutum zai hau itace ya wuni saboda wasa, sai a dubi ƙasar kanta. Matasan Nepal da dama ba sa zama gida. Suna ƙasashen Larabawa da Malesiya suna aikin gini da gadi, kuɗin da a ke aikowa daga waje ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar. Ƙasa ce da ke tsakanin ƙattai biyu, Indiya da Sin, ba kasafai a kan ji sunanta a labaran duniya ba sai in girgizar ƙasa ta auku ko an yi hatsari a dutse. Tawagar kurket na cikin 'yan abubuwan da ke fitar da tutarta waje da labari mai daɗi. Shi ya sa duk inda ta je, Dubai ne ko Dallas, sai ka iske 'yan ci-rani sun cika fili kamar a Katmandu a ke.

Tsakanin manya

A farkon watan Mayu na 2023 Nepal ta sake cin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Kirtipur, a wasan ƙarshe da ruwan sama ya raba shi kwana biyu, ta sami shiga gasar kofin Asiya karo na farko. A can ne aka nuna mata tazarar da ke tsakaninta da manya. A Multan, ran 30 ga Agusta, Pakistan ta tara 342, Nepal ta tsaya a 104. Da Indiya a Siri Lanka ta ɗan taɓuka, ta ci 230, amma Indiya ta kamo abin da aka yanka mata ba tare da an fitar mata ko mutum ɗaya ba.

Bayan 'yan makonni, a wasannin Asiya na Hangzhou, Nepal ta tara wa Mongoliya maki 314 a zubi 20, karo na farko da wata ƙasa ta haye 300 a T20 na maza, Paudel ya ci 61 a ciki. An yi ta murna, amma Mongoliya ran nan ne ta fara buga wasan maza na ƙasa da ƙasa, kuma Zimbabuwe ta shafe adadin a 2024. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne na watan Nuwamba, lokacin da Nepal ta sami gurbin gasar duniya ta T20 bayan shekara goma rabonta da ita, da kuma maki 112 da Paudel ya ci a kan tawaga ta biyu ta West Indies a Kirtipur cikin Afrilu na 2024.

Gasar duniyar ta bar tabo. Ran 14 ga Yuni, 2024, a tsibirin St Vincent, masu jifan Nepal suka tsare Afirka ta Kudu a maki 115. Nasara ta zo har bakin ƙofa. A jifa na ƙarshe Nepal na bukatar maki biyu ta ci, ɗaya ta yi kunnen doki, aka fitar da Gulsan Jha yana gudu bai kai layi ba. Aka tashi 115 da 114. Shi kansa kyaftin bai ci ko maki ɗaya ba a ranar, Tabraiz Shamsi ya fitar da shi. Afirka ta Kudun nan kuwa ita ce ta kai wasan ƙarshe na gasar. Nepal ta koma gida ba ta ci wasa ko ɗaya ba.

Sai da aka ƙara wata 15 kafin abin da ya kuɓuce a St Vincent ya samu. A lokacin an sauya mai horarwa, Stuart Law na Ostareliya ya karɓa a 2025. A gida kuwa ƙasar ta shiga tashin hankali: a farkon watan Satumba na 2025 matasa suka fito zanga-zanga kan cin hanci da rufe kafofin sada zumunta, aka kashe mutane fiye da 70, Firayim Minista K.P. Sharma Oli ya yi murabus. Ba a yi mako uku ba, ran 27 ga wata, tawagar ta fita fili a Sharja domin karawa da West Indies, wadda ta taɓa ɗaukar kofin duniya na T20 har sau biyu. Nepal ta ci 148, Paudel ya fi kowa da 38, ya kuma fitar da mutum ɗaya da ya karɓi jifa. West Indies ta tsaya a 129. Wannan ne karo na farko da Nepal ta ci ƙasar da ke cikakkiyar wakiliya a ICC, domin Afganistan da ta ci a 2014 ba ta kai wannan mataki ba a lokacin.

Dole a faɗa cewa West Indies ba ta zo da manyan 'yan wasanta duka ba, Akeal Hosein ne ya jagoranci tawaga mai sababbin fuskoki. Amma bayan kwana biyu Nepal ta sake cin ta, wannan karon da maki 90, tazarar da ba a danganta ta da sa'a. West Indies ta rama a wasa na uku, aka tashi biyu da ɗaya. Da aka ba Paudel kyautar gwarzon wasan farko, sai ya sadaukar da ita ga waɗanda suka rasa rayukansu a zanga-zangar. Shekarunsa 23 da kwana 25 a ranar. A watan da ya biyo baya, a ƙasar Oman, ya jagoranci Nepal ta sami gurbin gasar duniya ta T20 ta shekarar 2026.